Gambar Gwaggo Gumsu

Duk wanda ya zauna a Fagge a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai ya san gidan Gwaggo Gumsu, ko da bai san mai gidan ba. Shi ne na ƙarshe kafin ka tsallaka titi ka faɗa Sabon Gari. Bayansa akwai wani fili da ya gangara har bakin kududdufi, ciyawa ta cika shi ta fi tsayin mutum. Baƙo in ya wuce sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, masu gidan nan ba su da kowa." Ba su da kowa? Tabɗi! Ai da Gwaggo za ta ji shi, da ya sha magana. Filin nan da ido ke gani kamar daji shi ne rumbunta, kuma ban san manomin da ke tattalin gonarsa kamar yadda take tattalinsa ba.

Awaki take kiwo tun mijinta na da rai, shi kuwa da ya tafi bai bar mata komai ba sai gidan da filin. Gamba ce a ciki, tushe-tushe, wadda marigayin ya haƙo daga ƙauye ya dasa da hannunsa, sai kyasuwa da ke fitowa a tsakaninta kowace damina. Gwaggo ba ta taɓa sakin akuya a ciki ba. Da damina suna turke, ita ke shiga da lauje ta yanko musu, kuma ba ta yanka wuri ɗaya sau biyu a jere. In ta taɓa gabas yau, sai ta bar shi ya murmure ta koma yamma. Ba ta aske ciyawa ƙasa-ƙasa, sai ta bar kamar taƙi guda, wai ita ma tana da wuya, in ka yanke shi ta mutu. Can kusa da ruwa kuma akwai ɓangaren da lauje ba ya shiga sai kyasuwa ta gama zubar da 'ya'yanta. Da kaka ta yanke saura, ta shanya, ta ɗaure dami-dami a jibge mata a kan soro. Da wannan da 'yar harawar waken da take shukawa a jikin katanga awakinta ke ƙetare rani suna sheƙi, na maƙwabta kuwa suna bin bola suna cin tsumma.

Ɗanta Malam Ilu akawu ne a ofishin En'e, yana zaune cikin birni da iyalinsa. Yaron kirki ne, Juma'a ba ta wucewa bai zo gaishe ta ba, sai dai yana da waƙa guda da ba ya gajiya da rerawa: ta sayar da awakin nan, ta rufe gidan, ta dawo wurinsa ta huta. Gwiwoyinta sun fara ciwo, ga ta ita kaɗai. Ita kuwa in aka ce mata hutu, ji take kamar an ce kabari. A gidanta ita ke cewa a yi, ita ke cewa a bari. A gidan ɗa kuwa sai dai ta zauna kan tabarma tana jiran a miƙo mata kwano. Ranar da ya matsa mata da yawa, sai ta yanke maganar da bakinta, a gaban maƙwabciyarta Falmata.

"Ranar da ka zo ka ga haƙarƙarin akuyata a waje, ka kawo amalanke ka kwashe ni. Kafin nan, ka shafa min lafiya."

Ilu ya ce ya ji. Kuma ya riƙe.

Shi kuwa Boniface, ta kan nono Allah ya haɗa su. Mutumin ƙasar Ibo ne, yana aiki a reluwe cikin masu gyaran dogo, yana zaune a Sabon Gari da matarsa Veronica. Da Veronica ta haihu, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙafe, jaririya ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Wata mai ƙosai ce ta nuna masa gidan Gwaggo. Ya zo ya tsaya a ƙofar zaure, ƙato guda, hula a hannu, yana harhaɗa Hausarsa da kyar. Gwaggo ba ta bari ya kai ƙarshe ba. Ta tatso Kyalla, babbar akuyarta, ta tafasa, ta yafa mayafi ta bi bayansa, ta tsallaka titin nan da ba ta cika tsallakawa ba. Da nonon Kyalla jaririyar, Ifeoma, ta rayu har uwarta ta miƙe. Ya kawo abin hannu, ta kore shi. Ya kawo atamfa, ta ce ya kai wa mai jego. Tun daga nan yake ce mata Mama, ita kuma tana ce masa Baban Ifi, abin kuma ya tsaya masa a rai, kullum yana neman ta inda zai saka mata.

Ya samu ƙofar a ƙarshen wata damina. 'Yar Gwaggo da ke aure a Gezawa ta haihu, ta shirya ta tafi yi mata wankan jego. Ta kai awaki gidan Falmata, ta bar musu dusa da ragowar damin bara. Hankalinta kwance ta tafi, don gamba ta yi kai, kyasuwa ta fara ja, tana dawowa sai yanka.

Ranar Lahadi ta dawo, da hantsi. Tun daga nesa ta ga wani haske a bayan gidanta wanda ba ta saba gani ba. Ta hango kududdufi, ta hango har masu wanki a bakinsa. Ta sauke ƙullin kanta a hankali. Fili fetal! An share shi tas, jar ƙasa a daɓe kamar tsakar gidan amarya, an jera duwatsu a gefe an shafa musu farar ƙasa, sak tashar jirgi. A tsakiya ga tulin toka.

Ga kuma Boniface tsaye cikin farar taguwarsa ta zuwa coci, Veronica na gefensa da Ifeoma a goye, bakinsa har kunne.

"Mama, sannu da zuwa! Kin gani?"

Ta gani, ina za ta ƙi gani?

"A garinmu," in ji shi, "in ciyawa ta rufe bayan gidan tsohuwa, ba ita ake zagi ba, 'ya'yanta maza ake zagi. Kullum na wuce nan sai kunya ta kama ni. Malam Ilu mai alƙalami ne, ba shi da lokaci. Ni kuwa aikina ke nan." Ya buɗe mata tafukansa, duk sun yi kanta, wasu wuraren sun fashe. "Kuma ba sara kawai muka yi ba. Doguwar nan na san halinta a bakin dogo, ka sare ta yau, gobe ta dawo. Da diga muka bi ta, ni da abokaina, tushe ɗaya-ɗaya muka tone muka ƙone. Yanzu ba maciji, ba sauro, duba-gari ma in ya zo sai ya sara miki. Ba za ta ƙara damunki ba har abada."

Har abada! Gwaggo ta maimaita a ranta. Ta dubi tokar nan. Abincin rani guda, da irin baɗi, da dashen marigayi, ga su nan gaba ɗaya ba su cika kwando ba. Bakinta ya cika da magana, irin wadda in ta fito sai an ji ta a Kantin Kwari. Sai idonta ya koma kan hannayen nan. Mutum ya kwashe mako yana ɗaukar ƙarfen dogo, ranar hutunsa kuma ya zo ya ƙare ta a nan cikin rana. Veronica ta matso ta ce mata da ƙaramar murya, uwarsa ta rasu yana nan Arewa, bai samu ya share mata bayan gida ko sau ɗaya ba.

Wannan ce ta ƙarasa Gwaggo. Ta haɗiye abin da ke bakinta, da ɗacinsa da komai.

"Sannu, Baban Ifi. Sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Ta kwance ƙullinta ta dama musu furar Gezawa, suka sha, suka yi ta hira. Sai da suka tafi ta zauna a bakin turke ta yi kukanta ita kaɗai.

Falmata ta leƙo ta kan katanga, hannu a ka. "Wallahi na ɗauka ke kika sa su! Na ji sara, na aika a duba, aka ce ɗanki ne na Sabon Gari. Yanzu sai ki kira shi ki gaya masa ɓarnar da ya yi."

"In gaya masa me? Ba ki ga hannunsa ba? Can ƙasarsu an ce ruwa ba ya ɗaukewa, ciyawa abokiyar gabarsu ce, da adda suke kwana. Ina zai san akwai ƙasar da ake tanadinta kamar hatsi? Rashin sani ne, ya fi dare duhu. Ni kuwa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi min shi ba."

"To, awakin fa? Albarkar da kika sa masa za su ci?"

Gwaggo ta yi mata banza, ta tashi ta shige ɗaki.

Da Ilu ya zo ya ga fili a share, daɗi ya ji, ya ɗauka tsohuwa ta fara saukowa. Ta ce masa haske take so a bayan gida. Ƙarya ta farko ke nan, wasu kuma suka biyo ta a baya kamar 'yan tsaki.

Rani ya shigo ya tarar da soro wayam. Gwaggo, wadda ba ta taɓa sayen ciyawa ba tun da take, ta je kasuwa ta tambayi kuɗin harawa, aka faɗa mata, ta riƙe baki ta dawo. Ta sayar da bunsuru, ta bi da 'yan ƙananan, ta ce wa Ilu ragewa take don sun yi mata yawa. Abin da ta samu ya tafi a harawa, harawa ta tafi a cikin awaki, rani kuwa ko rabi bai yi ba. Sai ta koma bin itatuwan gawo can hanyar filin jirgin sama, tana tsintar 'ya'yansu da gwiwoyin nan nata, ta dawo tana dafa bango. Har inda masu jakuna ke sauke harawa ta riƙa zuwa da tsintsiya tana share ganyen da ya zube. Matar da ake zuwa roƙon ciyawa ƙofar gidanta! Ranar farko da ta yi haka, sai da ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ran Juma'a kuwa akwai dabara. Tun da safe sai ta jiƙa kanwa ta ba su, su yi ta ɗirkar ruwa har ciki ya yi tim, ta ɗaure su can ƙuryar rumfa inda babu haske. Dabarar dillalai ce, wadda da can in ta ji labari sai ta tofa musu Allah wadai. Ilu ya leƙa daga nesa ya ce, "Masha Allah," ita kuma ta kawar da kai ta kama wata hirar.

Abin da zai ba ka dariya ya ba ka haushi, Boniface bai yar da aikinsa ba. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ga shi da fartanya a kafaɗa da Ifeoma a hannu, ya zo duba fili. Duk wani koren abu da ya kuskura ya leƙo, sai ya tuge shi ya ɗaga mata ta gani, kamar kyanwa ta kamo ɓera. Ta ce, "Sannu, Baban Ifi." Ya sake shafa wa duwatsu farar ƙasa. Ta ce, "Sannu." Ifeoma, wadda ta fara tafiya, ta wuce kai tsaye wurin Kyalla ta rungume wuyanta. Wata rana ya tsaya ya ƙura wa akuyar ido.

"Mama, Kyalla ba ta da lafiya ne?"

"Tsufa ne, ɗan nan. Kowa da ranarsa."

Lahadi ta gaba sai ga shi da kwalbar magani daga kyamis, ya ce a riƙa ɗiga mata a ruwa. Gwaggo ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Wallahi tana son mutumin nan, son da ya sa ta rasa yadda za ta yi da shi.

Bazara ta kama, zafi ya kai inda ya kai, iska ta fara juyowa da ɗanshi. Wata safiya ta gangara bakin kududdufi, wanda ya janye ya bar taɓo, sai ta ga wani abu a gindin ɗaya daga cikin duwatsun nan masu farar ƙasa. Tsiro ne, siriri, kore shar. Ta durƙusa ta tona da yatsa. Gamba ce! Tushe guda ya tsere wa diga, ya kwanta ƙarƙashin dutse rani guda bai mutu ba. Ta yi hamdala. Tushe ɗaya in an yi haƙuri da shi ana raba shi ya zama goma, goman su zama fili, haka marigayi ya fara. Ta samo fasasshen kasko ta kife a kai, ta bar masa kafar shan iska, ta riƙa kai masa ruwan da ta yi alwala.

Amma rama ba ta ɓuya har abada. Ran wata Asabar aka aiki Ilu Fagge daga ofis, ya ce bari ya biya ya gaida tsohuwa. Ba kanwa, ba ƙuryar rumfa. Kyalla na tsaye tsakar gida cikin rana, kai a sunkuye, haƙarƙari a jere kamar saƙar kwando, sauran biyun na kwance ko tashi ba su yi ba. Ilu ya jingine kekensa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya tsuguna ya shafa bayan akuyar, ya daɗe, sannan ya dubi ƙafafun uwarsa da suka kumbura suka yi faso.

"Inna, ke kika faɗa da bakinki."

"Na faɗa."

"Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo da amalanke. Zan taho da dillali, tun suna da sauran abin da za a saya."

Ta ce to. Me za ta ce? Magana ta riga ta fita, ita kuwa ba ta taɓa lashe abin da ta tofar ba.

Washegari tana zaune tana jera kwanukanta cikin kwando, kowanne ta ɗauka sai ta juya shi ta sake juyawa, sai ta ji murya daga bayan gida, cike da murna.

"Mama! Zo ki ga ɓarawo! Ya ɓuya a ƙarƙashin kasko!"

Ta manta tana da gwiwa. Ba ta san lokacin da ta zagaya gidan ba, ɗankwali a hannu. Ga kasko a gefe, ga Boniface ya ɗaga fartanya sama.

"Kul! Ka sauke fartanyar nan ko in sauke maka ita a ka!"

Ya tsaya cak, hannu a sama.

"Kai wane irin mutum ne, ƙato har ƙato amma ba ido? Ka ƙone min rumbu, na yi shiru. Ka tone dashen mijina, na ce maka sannu. Ɗaya tal da Allah ya tsirar min, shi ma ka biyo shi? Je ka dubi Kyalla! Tsufa? Wane tsufa? Yunwa ce! Akuyar da ta shayar da 'yarka, magani ka kawo mata a kwalba, ita kuwa ciyawa take nema, ciyawar da ka tara ka cinna wa wuta! Nan ba ƙasarku ba ce da sama ke yoyo shekara zagaye. Nan abin da ka ɗaure da kaka shi za ka ci da rani, in ba ka ɗaure ba ka ci ƙasa! Juma'a za a zo a naɗe ni kamar tsohuwar tabarma a kai ni birni, a sayar da su. Sai ka huta, ka zo ka shafa wa gidan ma farar ƙasa!"

Masu wanki a bakin kududdufi duk sun tsaya. Ifeoma ta fashe da kuka. Boniface ya sauke fartanyar a hankali ya ajiye ta a ƙasa. Ya dubi filin tun daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganinsa, fuskar nan mai yawan dariya ta zube gaba ɗaya.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Gwaggo ta kawar da kai. Ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa ya tafi, bai waiwayo ba.

Kwanakin da suka biyo baya Gwaggo ba ta ji daɗinsu ba ko kaɗan. Falmata ta ce gara da ta amayar, ai tura ce ta kai bango. Ita kuwa cewa take, da ta rasa awaki ta rasa gida, yanzu ta ƙara da ɗa, a gaban masu wanki kuma. Ta yi ta sauraren sallamarsa, shiru. Ta yafa mayafi za ta tsallaka titi, ta kai bakin zaure ta dawo. Ran Laraba aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika unguwa, yara na ta tsalle a lungu. Ta tsaya ta dubi filinta yana shan ruwa, babu abin da zai tsiro a cikinsa sai abu ɗaya a ƙarƙashin kasko.

Juma'a bayan an sauko, Ilu ya zo kamar yadda ya ce. Ga mai amalanke, ga dillali da igiya a hannu. Kayanta na zaure a ɗaure. Ta fito da mayafinta, ta tsaya tana duban ƙofar ɗakinta, sai suka ji hayaniya a bayan gida, da ƙarar diga. Ta ce a ranta, shi ke nan, ya zo ƙarasawa.

Suka zagaya. Boniface ne, ƙafa ba takalmi, taɓo har gwiwa, da abokan aikinsa biyu. An kwashe duwatsun nan an tara gefe. Ga buhuna a jere, kowanne cike da tushen gamba, da ƙasarsu da komai, wasu har sun fara toho. Veronica na tsaye da wasu mata na layinsu, kowacce da daro a ka.

Da ya gan ta bai yi dariyar nan tasa ba. Ya zo ya tsuguna a gabanta, yadda ya ga 'ya'yan Fagge na yi.

"Mama, wadda muke tonewa a bakin dogo muna zubarwa ce. Na roƙi helima, shugabanmu a wurin aiki, ya bar min ita, ya kuma ba ni yinin yau. Amma ban san yadda ake dasa ta ba. Tonewa kawai na iya." Ya juya wajen Ilu. "Malam, ba ita ta kasa ba. Ni na yi ɓarnar nan da hannuna."

Veronica ta sauke daronta. Ɓawon doya ne, da dusar masarar da aka tace kamu. "A layinmu kowane gida ana fere doya, ana tace kamu, bola muke kai wa. Na bi gida-gida na gaya musu. Kullum da yamma zan kawo, har ciyawa ta tashi."

Ilu ya shafa haɓa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ya ga ƙafafun nan. "Na gode muku, Allah ya saka. Amma magana an riga an yi ta. Inna, wannan in an dasa yau, yaushe za a yanka?"

Da ta so, da ta ce da kaka, wa zai ƙaryata ta a nan? Amma ta gaji da ƙarya.

"Bana ba a taɓa ta. Sai ta kama ƙasa, ta yi kai, ta zubar. Sai baɗi."

"To, kin ji."

Dillali ya fara warware igiyarsa. Gwaggo ta gyara mayafi za ta juya, sai idonta ya faɗa kan ɗaya daga cikin abokan Boniface. Bawan Allah ya haƙa rami kamar zai binne tulu, ya ɗauko tushe guda sukutum ya jefa, yana shirin turbuɗe shi da ƙasa har kai.

"Kai, kai, kai! Gawa kake binnewa? Fito min da shi!"

Ta cire mayafin ta miƙa wa Veronica, ta ɗaure zani, ta shiga taɓon. Ta durƙusa da gwiwoyin nan, ta kama tushen ta ɓare shi gida-gida da hannunta, kowane ɓari da saiwarsa. "Haka ake yi. Rami iya tafin hannu. Wuyan a waje, ka danne gefe da dunduniya. Baban Ifi, ka ba su tazara, ba kasuwa suka zo ci ba! Taku guda tsakani. Wannan takun naka na raƙumi ne, rage shi! Kai kuma ka fara daga ƙasa inda laima take. Wayyo ni Gumsu, wa ya haɗa ni da 'yan reluwe!"

"To, Mama," in ji Boniface. "To, Mama." Yana dasawa yana share ido da bayan hannu, yana shafa wa fuskarsa taɓo, dariyar kuma ta dawo.

Ta manta da Ilu sam. Tana tsaka da nuna wa matan inda za su juye daro a inuwa, kada rana ta sa ɓawon ya yi tsami, sai ta ji kukan ƙafar amalanke a bayanta. Ta ce an fara loda kaya ke nan. Ta ɗago a hankali.

Amalanken wayam yake, an turo shi bakin fili. Ilu ya tuɓe babbar rigarsa ta Juma'a ya ninke ta a kan keke, ya daɗe yana kallonta ba ta sani ba.

"Baban Ifi," in ji shi, "akwai saura a bakin dogon?"

"Da yawa, Malam. Buhu ne ya ƙare mana."

Ilu ya dubi mai amalanke. "Bi shi ku kwaso. Ni ma ga ni nan tafe."

"Ni fa?" in ji dillali.

"Ka yi haƙuri, Malam. Yau babu ciniki."

Gwaggo ta sunkuyar da kai ta kama danne ƙasa a gindin wani tushe da ta riga ta danne, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Veronica ta gani, ta juya baya ta kama surutu da matan. Amalanke ya hau titi, Boniface a gaba, Ilu a baya yana tattare wando. Har sun yi nisa ta miƙe, ta share fuska da gefen zani, ta ɗaga murya.

"Kada ku kakkaɓe ƙasar jikin saiwar! Ku rufa mata buhu, rana za ta kashe min ita!"